Ruwan Flint: Yadda tsimin gwamnatin jiha ya koma guba a famfon talaka

A ranar 25 ga Afrilun 2014, magajin garin Flint da ke jihar Michigan a Amurka, Dayne Walling, ya danna maɓalli a matatar ruwan birnin, ya rufe bututun da ke kawo musu ruwa daga Detroit tun 1967. Daga ranar mutanen birnin, su kusan dubu ɗari, suka koma shan ruwan kogin Flint. Manyan gari sun ɗaga kofuna sun sha a gaban 'yan jarida domin kowa ya kwantar da hankalinsa. Lissafin da aka yi shi ne birnin zai rage kashe kusan dala miliyan 5 cikin shekara biyu. A watan Nuwamban 2021 wata kotun tarayya ta amince da diyyar dala miliyan 626 ga mutanen da ruwan ya cutar, kuma dala miliyan 600 daga ciki gwamnatin jihar ce za ta biya. Wannan ban da kuɗin tone bututu, da kuɗin ruwan roba, da kuɗin lauyoyin gwamnati, ban da mutum aƙalla 12 da suka mutu.

Mutane da yawa sun ɗauki labarin Flint a matsayin sakacin injiniyoyi, wato an manta ba a zuba wani sinadari a ruwa ba. Sakacin ya faru, babu shakka. Amma ruwa ba ya tsami banza. Kafin a kai ga matatar, an shafe shekaru ana rikici a kan kasafin kuɗin jihohi, da fanshon ma'aikata, da ikon ƙungiyoyin ƙwadago, da kuma tambayar wa ke da hurumin taka wa gwamna burki. Ra'ayina shi ne a Flint an cire duk wanda zai iya cewa a'a ɗaya bayan ɗaya da sunan tsuke bakin aljihu, har aka wayi gari wanda ya danna maɓallin ma ba shi ke da ikon yanke shawarar ba.

Birnin da kuɗi ya gudu ya bari

A Flint aka kafa kamfanin motoci na General Motors a 1908. A nan ne kuma ma'aikatan kamfanin suka yi zaman dirshan a cikin masana'antu na kwana 44, daga ƙarshen Disambar 1936 zuwa Fabrairun 1937, har kamfanin ya amince da ƙungiyarsu ta UAW. A 1960 mutanen birnin sun kusa dubu 200. A ƙarshen shekarun 1970 kamfanin na ɗauke da ma'aikata kusan dubu 80 a yankin. Sai aka fara rufe masana'antu, masu hali suka tare a unguwannin bayan gari, yawan jama'a ya ragu da rabi. Waɗanda suka rage, fiye da rabinsu baƙaƙen fata ne, kuma kusan mutum huɗu cikin goma suna fama da talauci.

Mutane sun tafi, amma bututun ruwa da tituna da fitilu da aka shimfiɗa don mutum dubu 200 suna nan suna neman gyara. Alkawarin fanshon da aka yi wa 'yan sanda da 'yan kwana-kwana da ma'aikatan birni a zamanin wadata shi ma yana nan, har masu karɓar fansho suka fi masu aiki yawa. Babbar hanyar samun kuɗin birane a Amurka ita ce harajin gidaje da filaye, to gidajen Flint sun faɗi warwas. Ko da darajarsu ta sake tashi, gyare-gyaren da aka yi wa tsarin mulkin jihar a 1978 da 1994 sun ƙayyade yadda harajin zai iya ƙaruwa a shekara.

Sai kuma hannun jihar. Kusan dukkan jihohin Amurka doka ta wajabta musu daidaita kasafinsu, ba kamar gwamnatin tarayya ba da ke iya cin bashi ta cike giɓi. Idan tattalin arziki ya karye, gwamna na da zaɓi kaɗan: ya ƙara haraji ya sha kaye a zaɓe, ko ya rage kashe kuɗi. Ragin da ya fi sauƙi a siyasance shi ne wanda wani zai sha zagi a kansa, wato kason da jiha ke bai wa birane daga harajin cinikayya. Gwamnonin Michigan na jam'iyyun biyu sun yi haka. Ƙungiyar biranen jihar ta ƙiyasta cewa cikin kusan shekara goma, daga 2003, Flint kaɗai ta rasa kimanin dala miliyan 55 ta wannan hanya. A 2011 kuma sabon gwamna Rick Snyder na jam'iyyar Republican, akanta kuma tsohon shugaban kamfanin kwamfuta na Gateway, ya sauƙaƙa wa kamfanoni haraji da fiye da dala biliyan ɗaya da rabi a shekara. A shekarar ce jiharsa ta duba littattafan Flint ta ce birnin ya kasa riƙe kansa. Shugabannin birnin sun yi nasu ɓarnar, sun jinkirta gyaran da ya kamata su yi tun da wuri, ba na wanke su. Amma wanda ya janye maka tallafi sannan ya dawo yana alƙalancin talaucinka, ya kamata a tambaye shi nasa kason laifin.

Rigimar fansho da ƙungiyoyi

A wannan lokaci jihohin tsakiyar Amurka na cikin zazzafar muhawara a kan ƙungiyoyin ma'aikatan gwamnati. Kusan ɗaya cikin uku na ma'aikatan gwamnati a ƙasar 'yan ƙungiya ne, alhali a kamfanoni masu zaman kansu ba su wuce kashi 6 ko 7 cikin ɗari ba. Malaman makaranta da 'yan sanda da ma'aikatan jinya su ne ƙashin bayan ƙwadagon Amurka a yau, kuma kuɗinsu da ƙuri'unsu galibi na jam'iyyar Democrat ne. Saboda haka duk dokar da ta taɓa su, tana taɓa kasafi tana kuma taɓa zaɓe a lokaci guda.

Masu sukar ƙungiyoyin suna da hujjar da bai kamata a yi watsi da ita ba. Idan ƙungiyar ma'aikatan kamfani ta matsa da yawa, kamfanin zai iya durƙushewa kowa ya rasa, don haka akwai iyaka. A gwamnati kuwa, ƙungiya na iya taimaka wa ɗan takara ya ci zaɓe, gobe ta zauna da shi a teburin ciniki, kuma kuɗin da ake ciniki a kai na mai biyan haraji ne da ba ya ɗakin. Shi kansa Shugaba Franklin Roosevelt, abokin 'yan ƙwadago, ya rubuta a 1937 cewa irin cinikin da ake yi a kamfanoni ba zai dace da aikin gwamnati ba. Fansho kuma shi ne ramin da ya fi zurfi. Ƙarin albashi yana bayyana a kasafin bana, kowa ya gani. Ƙarin fansho kuwa sai bayan shekara ashirin ko talatin za a ji nauyinsa, lokacin wanda ya sa hannu ya daɗe da barin kujera. Jihar Illinois ita ce misalin da kowa ke bayarwa: giɓin asusun fanshonta ya haura dala biliyan 130, tsarin mulkinta na 1970 ya hana a rage haƙƙin fansho, kuma a 2015 kotun ƙolin jihar ta soke gyaran da majalisa ta yi a 2013.

Sai dai a nan ne masu wannan hujja kan yi shiru da rabin labarin. A Illinois da New Jersey da wasu jihohi, ana cire wa ma'aikaci kasonsa daga albashi duk wata ba fashi. Gwamnatoci ne suka riƙa tsallake nasu kason shekara da shekaru, suna amfani da kuɗin wajen toshe wasu ramuka don kada su ƙara haraji. Bashi ne aka ci daga asusun tsofaffi ba tare da an kira shi bashi ba. Da lokacin biya ya zo, sai aka nuna wa jama'a malamar firamare mai ritaya aka ce ga wadda ta cinye kuɗinku.

Wisconsin ce ta fara kai wa ƙungiyoyin farmaki gadan-gadan, duk da cewa ita ce jiha ta farko da ta bai wa ma'aikatan ƙananan hukumomi haƙƙin ciniki a 1959. A 2011 gwamna Scott Walker ya kawo dokar da aka sani da lamba 10. Ta taƙaita ciniki ga ainihin albashi kaɗai, shi ma kada ya wuce hauhawar farashi sai da ƙuri'ar jama'a. Ta tilasta wa ma'aikata biyan rabin kuɗin da ake zubawa a fanshonsu da aƙalla kashi 12.6 na inshorar lafiya. Ta hana cire kuɗin ƙungiya daga albashi, ta kuma ce duk shekara sai ƙungiya ta sake cin zaɓe a tsakanin mambobinta kafin a ci gaba da amincewa da ita. Abin lura, an tsame 'yan sanda da 'yan kwana-kwana daga dokar. Sanatocin jihar 14 'yan Democrat sun tsallaka Illinois don hana majalisa cika, dubun dubatar mutane sun mamaye harabar majalisa a Madison, amma dokar ta wuce, Walker kuma ya tsallake zaɓen kiranye a Yunin 2012. Ƙungiyoyin sun riga sun ce za su amince da batun kuɗin idan aka bar musu haƙƙin ciniki, aka ƙi. Wannan ya nuna abin da ake nema ya wuce kuɗi. A Ohio an yi irin wannan doka, masu zaɓe suka soke ta a Nuwamban 2011 da rinjaye mai yawa. A Yunin 2018 kuma Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar Janus, da alƙalai 5 a kan 4, ta hana ƙungiyoyi tilasta karɓar kuɗin wakilci, wato ladan cinikin da suke yi a madadinsa, daga ma'aikacin gwamnatin da ba ɗan ƙungiya ba a duk faɗin ƙasar.

Mulkin kantoma

Michigan ta bi tata hanyar, kuma ta fi ta Wisconsin tsanani ga biranen da ta shafa. A Maris ɗin 2011 Snyder ya sa hannu a dokar da ta ba gwamna ikon naɗa kantoma a kan duk birni ko hukumar makarantun da aka ce ta shiga halin gaggawa na kuɗi. Kantoman na karɓe ikon magajin gari da na kansiloli baki ɗaya. Yana iya sayar da kadarorin birni, ya kori ma'aikata, ya kuma sauya ko ya soke yarjejeniyar da aka ƙulla da ƙungiyar ƙwadago. Ba mutanen birni suka zaɓe shi ba, ba su kuma da hanyar cire shi. Ga ma'aikatar kuɗin jiha da gwamna yake kai rahoto, kuma ma'aunin nasararsa ɗaya ne: littafin kuɗi ya daidaita.

Ƙungiyoyin ma'aikata da 'yan fafutuka sun tattara sa hannu suka kai dokar gaban jama'a. A Nuwamban 2012 masu zaɓen Michigan suka soke ta a ƙuri'ar raba gardama. Wata guda bayan haka, a Disamba, majalisar jihar ta zartar da wata mai kama da ita, doka mai lamba 436, ta kuma liƙa mata ɗan kasafin kuɗi. A tsarin mulkin Michigan, dokar da ke ɗauke da kasafi ba a kai ta ƙuri'ar raba gardama. An yi hakan da gangan don kada jama'a su sake taɓa ta. A cikin watan ne kuma aka zartar da dokar da ta hana tilasta wa ma'aikaci biyan kuɗin ƙungiya, a jihar da ita ce mahaifar UAW. Duk wanda ke son fahimtar Flint ya tsaya a wannan Disamba ya duba da kyau. Jama'a sun faɗi abin da suke so a akwatin zaɓe, wakilansu suka zagaye su.

Biranen da aka ɗora wa kantoma, irin su Flint da Pontiac da Benton Harbor da Detroit, galibi na baƙaƙen fata ne, har akwai lokacin da kusan rabin baƙaƙen fatan jihar suke zaune a ƙarƙashin wanda ba su zaɓa ba. A Detroit kantoma Kevyn Orr ya kai birnin kotun karayar arziki a Yulin 2013 da bashin kusan dala biliyan 18, kuma duk da kariyar da tsarin mulkin jihar ya ba fansho, an zaftare kashi 4.5 na fanshon ma'aikatan farar hula, aka kuma cire musu ƙarin shekara-shekara. Flint kuwa kantomomi huɗu suka riƙe ta daga ƙarshen 2011 zuwa Afrilun 2015: Michael Brown, Ed Kurtz, Darnell Earley da Gerald Ambrose. An rage ma'aikata, an ƙaƙaba wa ƙungiyoyi sababbin sharuɗɗa, an ƙara kuɗin ruwa har ya zama cikin mafi tsada a ƙasar.

Abin da ya faru a cikin bututu

A Maris ɗin 2013 kansilolin Flint sun kaɗa ƙuri'a, 7 a kan 1, suka goyi bayan shiga wani sabon aiki mai suna Karegnondi na janyo ruwa daga tafkin Huron. Daga baya jami'an jiha sun riƙa nuna wannan ƙuri'a suna cewa ai birnin ne ya zaɓa. Amma ƙuri'ar ba ta ce a sha ruwan kogi ba. Sabon bututun sai bayan wasu shekaru zai kammala, kuma shawarar abin da za a sha kafin nan a ƙarƙashin kantoma aka yanke ta, da amincewar hukumar kula da muhalli ta jihar.

Matatar Flint ta shafe shekaru tana zaman jiran ko-ta-kwana, sau kaɗan ake kunna ta a shekara. Ranar 17 ga Afrilun 2014, kwana takwas kafin sauyin, jami'in da ke kula da ɗakin gwajin matatar ya aika wa hukumar muhalli saƙon imel. Ya ce idan aka fara raba ruwa daga matatar cikin makonni masu zuwa, to ba da yawunsa ba ne. Ya ce yana buƙatar lokaci ya horar da ma'aikata ya kuma gyara tsarin gwaji, amma na sama da shi suna da nasu nufin. Wannan ƙaramin ma'aikaci ya ga abin da ke tafe, ya rubuta, ya aika wa hukumar da doka ta ɗora wa alhakin kare masu shan ruwan. Babu wanda ya dakatar da komai.

Tsofaffin gidaje da yawa a biranen Amurka, bututun da ya haɗa su da babban layi na dalma ne. Abin da ke hana dalmar narkewa cikin ruwa shi ne wani sinadarin fosfet da ake zubawa a matata, wanda a hankali yake yin ɓawo a cikin bututun, kamar farin abin nan da ke taruwa a cikin tsohuwar butar shayi, ya raba ruwa da ƙarfe. Detroit na zuba shi. Dokar tarayya ta 1991 a kan dalma da tagulla ta wajabta wa duk matatar da ke shayar da fiye da mutum dubu 50 ta riƙa kare bututu daga zaizaya. Hukumar muhallin Michigan ta fassara dokar yadda ta ga dama, ta ce Flint ta fara raba ruwa, a yi gwaji na wata shida sau biyu, sannan a duba ko ana buƙatar sinadarin. Masana sun ƙiyasta kuɗinsa da kusan dala 100 a rana.

Ruwan kogin ya fi na tafkin gishirin kiloraid nesa ba kusa ba, don haka ya fi cin ƙarfe. Ya wanke ɓawon, dalma ta fara zuba. Tsatsar manyan bututun ƙarfe kuma ta riƙa cinye kilorin da ke kashe ƙwayoyin cuta. A Agusta da Satumban 2014 aka ce wa wasu unguwanni su riƙa tafasa ruwa. Aka ƙara kilorin, shi kuma ya haifar da wasu sinadarai masu illa da suka wuce ƙa'ida, har aka sanar da jama'a a Janairun 2015. A tsakanin 2014 da 2015 cutar huhu ta Legionnaires ta kama mutum kusan 90 a yankin, ta kashe aƙalla 12, kuma ba a faɗa wa jama'a ba sai Janairun 2016.

Mutane ba su yi shiru ba. Sun riƙa zuwa taron kansiloli da robobin ruwa mai launin ƙasa, suna nuna ƙurajen jikin 'ya'yansu da gashin da ke zubewa. A Oktoban 2014 masana'antar injin General Motors ta daina amfani da ruwan saboda yana sa sassan inji tsatsa, aka kuma ba ta damar komawa ruwan tafki. A Janairun 2015 jihar ta kai tankunan ruwa mai tsabta ofishin ma'aikatanta da ke Flint. A cikin wannan watan kuma Detroit ta yi tayin mayar da birnin kan layinta ba tare da karɓar dala miliyan 4 na sake haɗawa ba, kantoma ya ƙi. Ranar 23 ga Maris kansiloli suka kaɗa ƙuri'a, 7 a kan 1, cewa a koma ruwan Detroit. Kantoma Ambrose ya ce shawarar ba ta shiga hankali, kuma tunda ƙuri'arsu ba ta da ƙarfin doka, maganar ta mutu a nan. A Afrilu jihar ta ba birnin rancen dala miliyan 7, da sharaɗin ba zai koma Detroit ba sai da izininta.

Wata uwa mai 'ya'ya huɗu ce ta nace sai an gwada ruwan gidanta. Ƙa'idar tarayya a lokacin ita ce a ɗauki mataki idan dalma ta wuce kashi 15 cikin biliyan. A Fabrairun 2015 aka sami 104 a gidanta, daga baya 397, kuma masana jami'ar Virginia Tech sun sami samfurin da ya haura dubu 13. Wani jami'in hukumar kare muhalli ta tarayya, Miguel Del Toral, ya rubuta rahoton gargaɗi a Yuni, shugabanninsa suka ce ai daftari ne ba a kammala ba. Kakakin hukumar jiha ya fito ya ce masu fargabar dalma su kwantar da hankalinsu. A gwajin hukuma ana umartar mutane su saki famfo tun da dare kafin a ɗebi samfuri, abin da ke rage dalmar da za a gani, sannan aka cire samfura biyu mafi muni daga rahoto, sakamakon ya sauko ƙasa da 15.

Sai a Satumban 2015 asiri ya tonu, kuma daga wajen gwamnati. Farfesa Marc Edwards da ɗalibansa sun gwada ɗaruruwan gidaje da taimakon mazauna birnin. Ranar 24 ga watan, likitar yara Mona Hanna-Attisha ta asibitin Hurley ta fito da bayanan jinin yara 'yan ƙasa da shekara biyar. A binciken da ta wallafa daga baya, yawan masu dalma fiye da kima ya tashi daga kashi 2.4 zuwa 4.9, a wasu unguwanni ma ya fi haka. Jami'an jiha sun fara ƙaryata ta, bayan kwanaki suka amince. Ranar 16 ga Oktoba aka koma ruwan Detroit, bayan wata 18. Dalma ba ta da adadin da ba ya cutar da yaro, tana taɓa ƙwaƙwalwa da koyo da ɗabi'a, kuma abin da ta ɓata ba ya dawowa.

Wa zai iya cewa a'a

Idan kamfani ya sayar maka da gurɓataccen abu, kana iya daina saye, kana iya kai ƙara wurin hukuma. Mai shan ruwan famfo ba shi da wani mai sayarwa. A Flint kuma mai sayar da ruwan, da mai duba ingancinsa, da mai sa ido kan lafiyar jama'a, duk ga mutum ɗaya suke kai rahoto, wato gwamna. Kantoma nasa ne, hukumar muhalli tasa ce, ma'aikatar lafiya tasa ce. Idan ɗaya ta amsa cewa ruwan ba shi da kyau, ta tona asirin sauran. Mutanen kuwa ana ci gaba da aiko musu da takardar biyan kuɗin ruwa, har da barazanar yankewa.

Ba zan ce da an bar ƙungiyoyin ƙwadago da ƙarfinsu da ba a sha guba ba, domin babu hujjar haka. Jami'an hukumar muhallin da suka murɗe doka su ma ma'aikatan gwamnati ne masu kariyar aiki, kariyar kuma ba ta sa sun yi gaskiya ba. Ƙungiya kan tashi tsaye idan aka taɓa albashi da fansho, ba kasafai take shiga yajin aiki don ingancin abin da mambobinta ke kai wa jama'a ba, kuma wannan rauni ne da ya rage mata magoya baya a wajen talakan da ba shi da fansho ko kaɗan. Amma ɗaya ɓangaren ma a duba shi. Ma'aikacin da ya ga kantoma na iya yaga yarjejeniyar aikinsa da alƙalami ɗaya, ya ga an sallami abokan aikinsa, iyakar abin da zai yi shi ne ya aika imel ya kare kansa, sannan ya koma ya kunna inji. Lafiyar mai shan ruwa ta rataya ne a kan irin waɗannan ƙananan ma'aikata, masu gwaji da masu duba bututu da masu sa hannu a takarda, waɗanda a littafin kasafi ba su wuce layin albashi da za a iya ragewa ba. Aikinsu idan ya yi kyau babu abin da ke faruwa, shi ya sa mai neman inda zai yanke yake ganin kamar ba su da amfani.

Rage kashe kuɗi wajibi ne a birnin da ya rasa rabin mutanensa, kuma akwai biranen da suka fita daga hannun kantoma da littafi mai kyau. Matsalar dokar ita ce ta ɗora wa mutum ɗaya dukkan iko, ta ba shi ma'auni ɗaya, ba ta tilasta masa neman shawarar masana lafiya ba, ba ta kuma bar wa mazauna gari wata ƙofar ɗaukaka ƙara ba. Kwamitin da Snyder da kansa ya naɗa ya faɗi haka a rahotonsa na Maris ɗin 2016: ya ɗora babban alhakin a kan hukumar muhallin jiha, ya tabbatar cewa kantomomi ne suka yanke manyan shawarwarin, ya kira abin rashin adalci na muhalli, ya kuma nemi a sake duba dokar. A 2017 hukumar kare haƙƙin farar hula ta jihar ta ce wariyar launin fata da ta yi kaka-gida a tsari tana cikin musabbabin abin.

Shugaban hukumar muhallin jihar ya yi murabus a Disambar 2015, shugabar reshen hukumar tarayya ta yankin ta bi shi a Janairun 2016, watan da Shugaba Obama ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan Flint. Majalisar dokokin tarayya ta ware dala miliyan 170 a ƙarshen 2016. A 2018 Michigan ta kafa ƙa'idar dalma mafi tsauri a ƙasar a lokacin, ta wajabta cire dukkan bututun dalma cikin shekara 20. A Flint an canja kusan bututu dubu 11, aikin da aka yi alkawarin gamawa cikin shekara uku ya kai har 2025. A Janairun 2021 an gurfanar da Snyder da wasu jami'ai takwas, ciki har da kantomomi biyu, amma a Yunin 2022 kotun ƙolin jihar ta ce hanyar da aka bi wajen tuhumar ba ta halatta ba, shari'o'in suka rushe, aka rufe babin a 2023 ba tare da an ɗaure kowa ba. A shekarar ce 'yan Democrat, da suka karɓe majalisun jihar biyu tare da gwamna Gretchen Whitmer, suka soke dokar 2012 da ta shafi kuɗin ƙungiya, abin da magoya bayansu na ƙwadago suka fi matsa musu a kai. Dokar kantoma mai lamba 436 kuwa sun gama wa'adin rinjayensu ba su soke ta ba.